Littafin Bajamushiya da Na Buɗe ta Baya

Wata goma sha huɗu na yi ina karanta littafi ta baya, a gaban jama'a, ina ɗaga shi sama ina nuna wa yara, ban sani ba. In ma kalmar karatu ta dace da abin da nake yi ke nan, don ni bokona a aji biyu ya tsaya, shekarar da na lura bulalar malaminmu ta fi allinsa aiki. Na fara da faɗin wautata ne don kada wani ya riga ni. A garin nan in ba ka faɗi abin kunyarka da bakinka ba, za ka tarar da shi a guruf ɗin waya an ƙara masa gishiri. To na faɗa. Amma wautata daban, abin da aka yi mini daban, kuma saboda shi na zauna nake wannan rubutu mai kama da sawun kaji.

Ga yadda littafin ya zo hannuna. A lokacin ina bin wani mutumin Gana mai babbar mota, muna kwashe kayan gidajen da masu su suka mutu ko aka kai su gidan tsofaffi. 'Yata, wadda nake zaune a wurinta, nas ce a asibiti, kuma ba ta son wannan aikin nawa. Kullum sai ta ce, "Baba, shekarunka sun wuce ɗaukar kujera." Ni kuwa mutum ne da ya tsufa a tashar mota, cikin ihu da rantsuwa, sai ga ni a Greensboro ta Amurka inda maƙwabcinka zai ɗaga maka hannu ta gilashin mota ya ga kamar ya gama zumuncin shekara. Gara ɗaukar kujerar.

Wata Talata aka kira mu Irving Park, unguwar da ko karnukanta ba sa haushi da ƙarfi. Gidan wata tsohuwa ce Bajamushiya da ta rasu. 'Ya'yanta sun zo daga wasu jihohi sun zaɓi abin da za su zaɓa: agogon bango, kwanukan tangaran, wata kujera mai lilo. Da muka zo kan littattafai, babban ɗan ya nuna mana bola da haɓarsa. Ya ce ba mai jin yaren a cikinsu. Littattafan da uwarsa ta tsallako teku da su, ta yi ta goge musu ƙura har ta mutu, da haɓa ya sallame su. Ni da ban iya karatu ba sai na ji raina ya ɓaci a madadinta. Na ɗauki kwali guda na sa a gaban mota, ƙarƙashin ƙafata. Mutumin Gana ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai da ko rasit sai na karanta maka?" Na ce wuta zan hura da su. A ƙasar da ba murhu. Ya yi ta dariya har muka hau titi.

Da na isa gida na buɗe, sai na tarar rabinsu da zane a ciki. Ni na ga zane a rayuwata. Na ga zaki da damisa a bayan manyan motoci, na ga na allon masu aski. Amma wannan wani abu ne daban. Baƙar tawada ce kawai, layi siriri kamar gashin jariri, dubu a kan dubu, kamar mai zanen ba shi da matar da za ta kira shi cin abinci. Za ka ga daji, ka ce daji ne, sai ka ƙura ido ka ga kowace bishiya da fuskarta, wata tana barci, wata tana hararar maƙwabciyarta. A can ƙasan kusurwa ga ɓera ɗauke da tsani a kafaɗa, zai tafi aikinsa, ba ruwansa da labarin. Kifaye suna iyo a iska an ɗaura musu amalanke. Wani dattijo gemunsa ya yi tsawo har matan unguwa sun shanya wanki a kai, shi kuma ya haƙura. Ni na san Jamusawa da injin da ba ya lalacewa da fuskar da ba ta dariya. Ashe in sun rufe ƙofa, haukansu ya fi namu tsari.

Ɗaya ne ya kama ni a cikinsu. Kauri gare shi, bangonsa koren yadi, gaba da baya duk iri ɗaya, rubutun gefen ya goge. Na ɗauke shi na buɗe yadda hannuna ya saba. Littafi ɗaya tak hannun nan ya taɓa buɗewa da ladabi tun ina yaro, shi kuwa daga dama ake fara shi. Ban yi shawara da kaina ba. Akwai lambobi a ƙasan shafi, an nuna mini su daga baya, amma wa ke duba lamba alhali ga birni an gina shi a jikin tsani?

Don da shi labarina ya fara. Wata yarinya zaune a gaban dogon tebur, a wani birni da gidajensa ke rataye a jikin tsani, manya sun kewaye ta, ana biki. Ita da wani mai doguwar hula suna riƙe da makulli ɗaya, hannunsa a kai, hannunta a kai. Na dubi fuskarta na ce wannan mayar masa take yi, ta ƙoshi da baƙunci. A bayanta ga wata dabba kamar kura, amma da ƙahon rago da fukafukai, girmanta ya kai masallacin unguwa. Na juya shafi, yarinya tana sauka daga tsani. Na sake juyawa, ta hau bayan dabbar sun kama hanya. Sai na lura da abin da ya hana ni ajiye littafin ranar: duk inda suka yada zango, dabbar raguwa take yi. Daga masallaci ta koma raƙumi, daga raƙumi jaki, daga jaki akuya, har yarinyar ta koma ita ke ɗauke da ita a kwando. A ƙarshe ta zama ƙwai. Yarinya ta iso bakin wata rijiya, tana hango ƙaramin gida. Shafi na gaba ga mutane ɗauke da akwatin gawa a bakin maƙabarta. Na gaba, akwatin yana ƙofar gida. Na ƙarshe, ga tsohuwa zaune a kan gado tana taje wa yarinyar kai, ƙwan nan yana leƙowa daga ƙarƙashin gado.

Ba sai an faɗa mini ba. Kakarta ce, kewa ta sumar da ita aka zaci ta mutu, an ɗauke ta sai ta ji muryar jikarta, ta buga akwati, aka juyo da ita gida. Duk wanda ya dubi zanen nan da zuciya ɗaya, abin da zai gani ke nan. Har yau ina nan a kan bakana.

Akwai ajin Hausa da ake yi wa yaranmu ranar Asabar a ɗakin ƙasa na wani coci a East Greensboro. Fasto ya ba da aron wurin, 'ya'yan Musulmi da na Kirista duk a nan suke haɗuwa. Mai kula da ajin wata mata ce 'yar wajen Jos, kowa Anti yake ce mata, har mu da muka isa haihuwarta. Shekara uku ana koya wa yaran "Ina kwana" da "Lafiya lau" har suka ɗauka yaren a nan ya ƙare. In ka tambaye su wani abu bayan gaisuwa, sai su ba ka amsa da Turanci ta hanci. Anti ta zo gidanmu wata rana ta same ni ina dariya ni kaɗai da littafi a cinya. Ta ce, "Baba, ka iya Jamusanci ne?" Na ce kamar ruwa. Ta san ƙarya nake, don ta san ni. Ta ce, "To zo ka yi wa yaran nan tatsuniya kafin su mai da ni mahaukaciya."

Aka ba ni rabin awa na ƙarshe. A garinmu ba a tatsuniya da rana, amma ɗakin ƙasa ba shi da taga, na ce wannan ya wadatar. Doka na kafa tun ranar farko: zane ɗaya kowace Asabar, kuma duk wanda ya yi tambaya da Turanci, na rufe littafi na tafi shan shayi. Sau biyu na rufe. Ban sake buƙata ba.

Sai ka ga yarinya 'yar shekara takwas ta ɗaga hannu, ta rufe ido tana tono kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tonon gyaɗa. "Baba, me ya sa... takalminta... ya zama sabo?" Wallahi ni ban ma lura ba. Na duba, gaskiyarta: a birnin tsani takalmin ya yage har yatsa na leƙe, amma kullum suka matso gida sai ya ƙara kyau. Nan take na ƙirƙiro wani badukun aljanu da ke bin su a ɓoye, yana ɗinki in sun yi barci, ladansa kawai a bar masa ɓawon burodi. Suka ce ina yake a zanen? Na ce in ana ganinsa ai ba aljani ba ne. Wata ta tambayi dalilin da gashin yarinyar ke gajarcewa, na ce masu kwale-kwalen ƙasar da gashi ake sallamarsu. Gadar da muka tarar a karye, shafi na gaba ga ta garau. Na ce kunya ta ji da ta ga baƙuwa. Dabbar kuwa na ce tsoron yarinyar ne ya yi ƙaho da fukafukai, shi ya sa yake ƙanƙancewa in an doshi gida. Wannan ban san daga inda ya fito ba. Bakina ne ya faɗa, ni ma sai da na tsaya na saurara.

Yaran nan suka koyi tsani, suka koyi ƙaho, rijiya, makulli, kewa. Wata uwa ta tare ni a faking ta ce 'yarta ta ce wa ƙanenta "matsoraci" ana cikin cin abinci, ita kuma maimakon ta tsawata sai ta ji hawaye. Ranar da tsohuwa ta buga akwati, yara suka tashi suna tsalle a kan kujerun coci har Anti ta yi barazanar kiran Fasto. Muka gama, suka ce a sake daga farko. Muka sake. 'Yata ce ke kawo ni, sau da yawa daga aikin asibiti take, sai ta zauna can baya da kayan aikinta, ta jingina kai da bango, ido a rufe har mu tashi.

Saura zane uku mu gama zagaye na biyu Dakta ya zo.

Dakta yaro ne, sa'an 'yata ko ƙasa da haka, Bakano, yana koyarwa a jami'a. Ba daktan allura ba ne, na takarda ne, kuma a Jamus ya yi takardar. Ya sayi gida a Summerfield inda maƙwabtansa dawaki ne, ya ga 'ya'yansa mata biyu ba mai yi musu Hausa, ya kawo su ajinmu. Ya gaishe ni da kyau, har da rusunawa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Ina cikin bayanin yadda yarinya ta iso bakin rijiya da ƙwai a kwando, sai na ga yana ta karkata kai kamar kaza ta hango shaho. Ya tako.

"Baba, ɗan ba ni in gani."

Na ba shi. Ya juya shi, ya buɗe ta ɗaya ɓangaren, ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ban yafe ba.

"Ai ta baya kake bi, Baba. Nan ne farko."

"Farkon wa?"

"Farkon littafin."

Ya karanta layi biyu da ƙarfi, da yaren nan mai kama da gyaran murya. Sannan ya juya ga yara, ba gare ni ba, ya yi musu bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Wai tsohuwar tun a babi na ɗaya ta mutu, mutuwa ta gaske. Wai yarinyar ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin gado ta bar gida, ya ƙyanƙyashe a hanya, dabbar girma take yi, ba raguwa ba. Wai makullin ba ta ake yi, sun naɗa ta mai tsaron birnin, kuma ba ta sake komawa gida ba.

Bai jira yara su fita ba. Minti goma ya rage a tashi. Mutumin da ya yi shekaru a ƙasar da aka ce ko ba mota ba a tsallaka titi sai danja ta ba da hannu, ya kasa jiran minti goma. Da ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ga abin da na gani," da na zage shi a hankali mun rabu lafiya. Yara suka fara dariya, ba ta mugunta ba, dariyar yara ce. Amma yarinyar nan mai tambayar takalmi ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, wato kakar ta mutu ke nan? Da Turanci ta tambaya. Littafin kuma ba a hannuna yake ba, balle in rufe.

Asabar ta gaba aka kira mitin na iyaye da 'yan kwamiti, a kan ƙananan kujerun yara, manya-manyan mutane gwiwa a haɓa. Aka ajiye cincin da lemo kamar ana suna. Dakta ya fara. Ya ce yana girmama ni. Na lura duk wanda zai yanka ka a garin nan, da girmamawa yake farawa. Ya ce amma ilimi amana ne, littafin nan sananne ne a can, marubucinsa ya sha wahala a kansa, bai kamata yara su tashi da shi a juye ba, gobe su je wani wuri su ji kunya.

Na ce, "Dakta, wace kunya? Akwai inda ake tare mutum a Amurka a ce ya faɗi ta ina ƙwai ya ƙyanƙyashe?"

"Ba wannan ba ne, Baba. Magana ce ta gaskiya da ƙarya."

"Kura mai fukafukai ce gaskiyar? Kai ka gan ta a Jamus?"

"Marubucin yana da abin da yake nufi."

"Shi ya aiko ka? 'Ya'yan mai littafin bola suka ce a kai shi. Ni na hana ya kwana da tsummokara da fasassun kwalabe. A ranar ina marubucin, ina kai?"

Wasu suka yi dariya a cikin kofinsu. Na ɗauka na ci. Sai wani dattijon coci ya gyara zama ya ce shi dama tun tuni zanen dabba mai ƙaho a ƙarƙashin ɗakin ibada bai kwanta masa ba. Wani Alhaji mai shagon kayan abinci ya karɓe, ya ce shi kuma batun gawa ta buga akwati ne ke damunsa, kada yara su ɗauka mutuwa wasa ce. Mutanen nan biyu shekara da shekaru ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan yawan barkonon da za a sa a shinkafar taro. A kaina suka haɗa kai. Na ce, "Alhaji, suma na ce, ban ce mutuwa ba. Kai da ba ka taɓa saukowa ƙasan nan ba sai yau da ka ji akwai cincin, ina ka ji labarin?" Ya ajiye wanda ke hannunsa, amma bai janye magana ba.

Anti ce ta nemi gyara. Ta ce, "Baba, yaran nan kai suke ji. Ka ci gaba, amma daga gaba. Dakta ya riƙa gaya maka abin da ke cikin kowane babi ranar Juma'a, kai kuma ka faɗa musu da bakinka."

Wato in zama lasifika. Ya hura ta baya, ni in yi ƙara ta gaba. Na ce, "Anti, ni zane uku nake roƙo. Yarinya tana bakin rijiya, tana hango ƙofa. Ku bar ni in shigar da ita gida, Asabar uku, sannan ku yi abin da kuka ga dama."

Dakta ya ce, a hankali, har da tausayi, "Ai yanzu sun riga sun sani, Baba."

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona ni, don gaskiya ce, kuma shi ya mai da ita gaskiya.

Aka ce waɗanda ke son a bi ta gaba su ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, na dai ga kamar hannaye sun fi kawuna yawa. Anti ta ɗaga nata rabi, kamar mai korar ƙuda. Da aka ce waɗanda ke bayan Baba, hannuna kaɗai ya tashi. Na waiwaya. 'Yata na zaune can baya inda ta saba, 'yar kwamiti ce, tana da ƙuri'a. Hannunta biyu a kan cinya. Ba ta ɗaga wa Dakta ba, ba ta ɗaga mini ba.

Na miƙe da ƙyar, don kujerar yara ba ta sakin tsoho da sauƙi, na ɗauke littafina daga kan tebur. Dakta ya ce ai da na bar masa ya ɗauki hoton shafukan. Na ce ya je bolar Irving Park, akwai kwali biyu da na bari.

Bai je ba. Cikin sati ɗaya ya samo nasa ta intanet, sabo fil, da bango mai sheƙi wanda ko ni ba zan yi kuskuren gabansa ba. Yanzu da majigi yake haska musu a bango. An ce yana ƙoƙari, yana shirya takardu, har da jerin kalmomi. An kuma ce in yara suka yi tambaya da Turanci, da Turanci yake amsawa, don kada a ɓata lokaci. Anti ta kira ni sau biyu ban ɗauka ba. Na uku na ɗauka, na ce mata wannan lambar ba ta aiki.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa wa 'yan kwamiti ba. Wata rana na zauna ni kaɗai na buɗe littafin ta inda Dakta ya ce. Na bi shi zane bayan zane. Yana tafiya. Bajamushen ya san aikinsa: ka ga yarinya ta juya wa rijiya baya, ka ga ƙwai ya tsage, ka ga takalmi yana cinyewa a hanya kamar yadda takalmi ke yi, ba sai an nemo baduku ba. Abin ya ƙara ba ni haushi. Zanen da zai ɗauki labari biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, ba tare da an goge layi ko ɗaya ba, shi ne mutum zai tsaya a kai ya ce hanya ɗaya ce, don yana da takarda? Sauran littattafan kwalin ma na gwada su ta kowane ɓangare. Yawanci ba sa yarda, sai ka ga an kashe mutum kafin a yi faɗa da shi. Wannan kuwa ya yarda. Laifina ne da ya yarda?

Amma in koma ranar mitin. Muka fito faking da rana tsaka, na shiga mota na buga ƙofa irin bugun da ta hana ni. Ta tayar da mota. Muka wuce jami'a, muka wuce shagon Alhajin, na juya masa ƙeya ko da yake na san a coci muka baro shi. A danja ta biyu na kasa haƙuri.

"Ke ma ai kin ji daɗi. An kunyata tsoho a gaban cincin."

"Baba."

"Kar ki ce mini Baba. Bare ya tozarta ubanki, hannunki ya yi nauyi. Da allura ce da kin ɗaga. In kunyata kike ji ki faɗa, gobe in koma ɗaukar kujera, can ba a tambayar takarda."

"Ba kunyarka nake ji ba. Da na buɗe baki a wurin nan, kuka zan yi a gaban mutane."

"Kukan me? Wata goma sha huɗu kina barci a bayan aji, ko sau ɗaya ba ki buɗe ido kin ga abin da ubanki ke yi ba. Da kin duba kin gaya mini a gida, da duk wannan bai faru ba. Ke da kika yi karatu har kika gaji."

Danja ta ba da hannu, ba ta tashi ba, sai da na bayanmu ya danna hon. Ta ja motar ta shiga gefen wani gidan mai ta tsaya. Hannunta na kan sitiyari, ba ta dube ni ba.

"Ba barci nake ba, Baba. Tun ranar farko na ga ta baya kake buɗewa. Lokacin da Mama ta rasu ina nan ina jiran takardun zama, a waya na ji an kai ta. A naka labarin, yarinyar tana isa a kan lokaci."